Amsa: Me take da rigar ƙungiya ke ƙara wa gari?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko take da launin rigar ƙungiyar ƙwallo na ƙara wa mutane kishin garinsu. Ƙwarai kuwa. Dubi Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990. Kirarin nan "Sai Masu Gida" ya daɗe da tsallake katangar filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Bakano a Legas in ya hango mai rigar rawaya da kore, nan take an zama 'yan gida ɗaya, ko da ɗayan haifaffen Sabon Gari ne. Amma fa kofunan gasar Firimiyar Najeriya da ƙungiyar ta ci a 2008, 2012, 2013 da 2014 su suka ba kirarin nauyi. Ni burina a wadata Kantin Kwari da rigar asali mai araha, yaran unguwa su samu.