Za a yi wa mahaifina tiyatar ƙwaƙwalwa, shin zai farka daga allurar barci?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, Legas. An gano ƙari a ƙwaƙwalwar mahaifina mai shekara 64, an kuma sa ranar aiki a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Yana da hawan jini. Mutane na cewa tsoho in aka yi masa allurar barci ba ya tashi. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ɗan'uwa. Mu likitocin sa barci ba yawan shekaru ne ke tayar mana da hankali ba. Hawan jinin da aka yi sakaci da shi, suga, da ciwon ƙirji ko na zuciya, su muke bincike kafin ranar. Haɗari akwai shi, ba zan rufe ka ba, amma ana auna shi tun da wuri.

Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, ba ya faɗaɗa. Ƙwaƙwalwa ce ciki, da jini, da ruwan da ke kewaye da ita, ga ƙari ya zo ya ci wuri. Aikinmu tsawon awannin nan shi ne hana ta kumbura. Za a sa masa bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi masa numfashi, domin in gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa ta taru a jini, jijiyoyin kai kan buɗe, matsi ya ƙaru. Akan ɗaura ruwan mannitol ya janye ruwa daga ƙwaƙwalwa ya fita ta fitsari, shi ya sa za ka ga robar fitsari. Wani siririn bututu a wuyan hannu yana nuna mana hawan jininsa bugu bayan bugu. Ita ƙwaƙwalwar kanta ba ta jin zafin yanka, fatar kai da murfin ƙwaƙwalwar ne ke ji, har ma in ƙari na kusa da wurin magana akan yi wa wasu aikin suna farke, ana hira da su.

Naku aikin kuma, ku kwaso duk abin da yake sha ku nuna. Asfirin da magungunan tsinka jini irin su warfarin ana dakatar da su kwanaki kafin aiki, amma likita ne zai faɗi ranar. Maganin farfaɗiya ba a tsallake shi. Jiƙe-jiƙen gida da agbo, kar a ji kunyar faɗa, wasunsu kan rikita daskarewar jini. Abinci ya tsaya awa 6 kafin aiki, kuma koko da shayi mai madara duk abinci ne. Kar tausayi ya sa Hajiya ta ba shi kunu a ɓoye, aman da ya gangara huhu yana kisa. Masu ba da jini ma a kai su da wuri, ka san cunkoson Legas.

Bayan aiki muna son ya farka da sauri, mu ce ya matse hannu, ya ɗaga ƙafa, mu haska idonsa. In kuwa ka tarar an bar shi kan na'ura ya kwana a ɗakin kulawa ta musamman, sau da yawa da gangan ne, ana jiran kumburi ya sauka. Da ya koma ɗaki, barcin da ke ƙara nauyi, amai, jijjiga ko mutuwar ɓarin jiki, a kira nas nan take, ko ƙarfe nawa ne.