Amsa: Wane Jirgi Alhaji Zai Saya?

Malam, ka ce maigidanku na can Ringim yana son sayen jirgin sama na kansa, yana wasiwasi tsakanin Global 7500, Gulfstream G650ER da Falcon 8X. To, ina ne iyakar tafiyarsa? In Jidda ce da Landan, duka ukun za su kai shi daga Kano ko Dutse ba tare da sun sauka shan mai ba.

Global 7500 yana cin mil 7,700 (a ma'aunin mil na teku) kafin ya sake shan mai, cikinsa kashi huɗu har da ɗakin kwana. Amma in ba Amurka Alhaji ke zirga-zirga ba, kuɗin banza ne. Ni Falcon 8X zan zaɓa: injinsa uku, kuma gajeren titin jirgi ba ya gagararsa, abin da zai yi amfani ganin yadda zafin bazararmu ke rage wa jirgi ƙarfin tashi. Sai ku fara tambaya ina za a riƙa kai shi gyara.