Sun ce na ci kuɗin zumuntar mata

Tambaya: Mama barka da aiki. Ni ce ma'ajin zumuntar mata a cocinmu nan Sabon Tasha, shekara 4 kenan. Watan jiya aka ce kuɗin anko da muka tara basu cika ba, kawai sai ido ya dawo kaina wai an ga na biya kuɗin makarantar ɗana a lokaci ɗaya, alhali adashe na kwasa. Ran Lahadi ina zama a benci matar gefena ta ja jakarta ta rungume, kamar ɓarawo ya shigo. Tun ranan in na durƙusa addu'a kuka ne kawai ke zuwa. Maigida yace in bar cocin in huta. Mama anya Allah na gani kuwa, ko wani zunubi na yi yake hukunta ni? Daga wata 'yarki a Sabon Tasha.

Amsa: Sannu 'yata, sannu. Zancen jakar nan ya fi komai taɓa ni, don ƙazafi a gidan Allah ya fi na kasuwa ciwo.

Fara cire batun hukunci daga ranki. Abokan Ayuba ma abin da suka dage a kai kenan, wai tunda yana shan wuya to akwai abin da ya ɓoye, a sura 42 kuwa su Allah ya tsawata wa ba Ayuba ba. Kuka a gaban Allah kuma addu'a ce, ki buɗe Zabura 35 ki ji yadda Dauda ya yi kukan masu shaidar zur.

Amma inda zan ɗan ja kunnenki, kar a ce miki haƙuri shine ki kama baki ki haɗiye ƙarya. Mutanenmu suna son kawo labarin Yusufu da matar Fotifar, suna mantawa a kurkukun ma ya buɗe baki ya gaya wa mai shayarwar Fir'auna bai yi abin da ya isa a kulle shi ba, Farawa 40:15. Mutumin ya fita ya manta da shi har shekara 2, nan ne haƙurin ya yi aiki. Bulus kuma da aka yi musu bulala shi da abokin tafiyarsa Sila a Filibi, aka kulle su ba shari'a, da aka ce su sulale su tafi ƙi ya yi, yace mahukuntan su zo da kansu su fitar da su.

Don haka ki ɗauko littafin da kike rubuta kuɗi, da rasit, da alat na banki in akwai, har uwar adashen ki tafi da ita wajen fasto da dattawa, ki roƙa a zauna a bi lissafin layi layi a gaban shugabannin mata. Banda zagi, banda habaici a guruf ɗin WhatsApp, na san hannu na ƙaiƙayi.

Shi kuma maigida ki lallaɓa shi, tausayinki yake ji, amma in kika fita yanzu cewa za a yi ta gudu. Ki bari a yi zaman tukuna, in ya so ki ajiye ma'ajin in ranki ya gaji. Ki rubuto min yadda kuka ƙare da dattawan.