Filin Tambaya da Amsa: Wane Aksul ɗin Baya Ne Ya Fi Jure Hanyar Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne, ina jigilar kaya da fasinja daga Agadas zuwa Dirku da Bilma. Shekara shida ke nan ina aiki da Hilux, yanzu kuma Allah ya hore mini abin da zan ƙara mota ta biyu. Abokan aikina sun rabu gida biyu: wasu sun ce in ƙara wata Hilux, wasu sun ce in daure in sayi Land Cruiser ƙirar 79 domin aksul ɗinta na baya ya fi ƙarfi. Da na leƙa ƙarƙashinsu, dukansu ƙarfe ɗaya na gani a gicciye da tulu a tsakiya da sifirin na falle-falle. Ina bambancin yake, kuma ya kai a biya masa ƙarin kuɗi?
Daga wani mai karatu a Agadas

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, idonka bai yaudare ka ba, domin daga waje fasalinsu ɗaya ne. Dukansu aksul ne na gungume, wato bututun ƙarfe guda da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, a tsakiyarsa akwai tulun da giyoyin raba ƙarfi suke ciki, kuma daga tulun nan sandunan ƙarfe biyu, waɗanda bakanikai suke kira shaf, suke miƙawa zuwa ƙafafun. Bambancin yana can bakin bututun, inda ƙafa take zaune, kuma tambayar da ya kamata ka yi ita ce: wa yake ɗauke da nauyin motar, shaf ne ko bututu?

A Hilux, shaf ne. Ƙarshensa na waje yana da faifai wanda ake ɗaure wili a kansa kai tsaye, kuma boris guda, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya a ciki da ke sauƙaƙa juyi, shi ne yake tallafe da shi a bakin bututun. Saboda haka shaf ɗin yana aiki biyu a lokaci ɗaya: yana murɗawa domin ya juya taya, kuma yana ɗauke da nauyin kaya wanda yake neman lanƙwasa shi a duk juyin da ya yi. Wannan shi ne abin da takardun kamfani suke kira semi-fulotin. A Land Cruiser 79 da 'yar'uwarta 78 kuwa, bututun kansa ne ya zarce waje, aka zaunar da hob, wato cibiyar ƙafa mai juyawa, a kansa bisa boris biyu, aka ɗaure wili a jikin hob ɗin. Nauyi yana sauka daga sifirin zuwa bututu, daga bututu zuwa boris, daga boris zuwa taya, bai ratsa ta kan shaf ba ko kaɗan. Aikin shaf ɗaya ne tak, shi ne murɗawa. Wannan ake kira ful-fulotin, kuma shi ne tsarin da ke ƙarƙashin tireloli da tifofi, inda ba a wasa da lodi.

Kana iya gane su ba tare da ka kwance komai ba. Duba tsakiyar wilin baya: idan ka ga hob ya turo kai waje kamar gwangwani, da ƙananan notuna a jere a kewayen fuskarsa, to mai boris biyu ne. Idan tsakiyar a shafe take, shaf ne yake dakon motar.

Amfanin wannan bambanci ba ya bayyana sai ranar da abu ya lalace. Idan shaf ya karye a motar da yake ɗauke da nauyi, ƙafar ta rasa abin da yake riƙe da ita daidai. In ya karye a gindin faifan, taya da gangar birki sukan fita gaba ɗaya, motar ta zauna a ƙasa. In ya karye daga ciki, ƙafar takan yi ta lilo a kan boris guda, kuma babu mai hankalin da zai ci gaba da tafiya a haka da mutane a baya. A wasu tsofaffin motocin Amurka, irin Jeep masu aksul ɗin Dana 35, ɗan ƙaramin ƙarfe mai siffar kofato ne kawai yake riƙe shaf daga cikin tulu, shi ya sa da ya karye sai ƙafar ta zare. A mai boris biyu kuwa, shaf ya karye ko bai karye ba, ƙafa tana nan daram. Direba zai kwance notunan nan, ya zare karyayyen shaf ba tare da ya ɗaga motar ba, ya yi ƙoƙarin fitar da guntun da ya saura a ciki don kada ya ɓata giyoyi, ya toshe bakin da leda da tsumma saboda yashi, ya sa giyar ƙafa huɗu, ƙafafun gaba su ja shi a hankali har inda zai sami bakanike. Ba zai hau tudun rairayi mai laushi a haka ba, amma a ƙasa mai tauri zai motsa, kuma kai ka fi ni sanin abin da motsi yake nufi a cikin Tenere, inda rijiya da rijiya suke da nisan wuni.

Akwai kuma batun girma. Babban giyar da ke cikin tulun baya na Land Cruiser faɗinsa inci 9.5 ne, na Hilux da aka daɗe ana yi kuwa inci 8. Girman nan yana nufin haƙora masu kauri, da man giya mai yawa wanda ba ya saurin ɗaukar zafi lokacin da mota take nishi a cikin yashi da cikakken kaya.

Kada wannan ya sa ka raina Hilux. An ƙera ta don kaya kimanin tan ɗaya, kuma muddin aka tsaya kusa da wannan iyaka, aksul ɗinta yana shekaru ba a buɗe shi ba, borisinsa ba ya bukatar a riƙa daidaita shi, kuma kayan gyaransa sun fi araha da sauƙin samu. Abin da yake kashe shi shi ne a ɗora jarkokin mai da na ruwa da buhuna da mutane har sifirin ya miƙe, sannan a ƙara falle biyu ko uku a sifirin a ɗauka an magance matsalar. Ƙarin falle yana ɗaga jikin mota ne kawai, ba ya ƙara wa shaf ko boris ƙarfin komai, hasali ma yana ɓoye wa direba alamar da take gaya masa ya wuce gona da iri. Shi ma mai boris biyu yana da nasa sharuɗɗan. Dole a riƙa buɗe hob ana sake giris, a ɗaure notin boris daidai gwargwado, ba sako-sako ba kuma ba a matse ba, sannan a riƙa taɓa ƙananan notunan fuskar hob da sifana, domin idan suka yi sako-sako sukan guntule ɗaya bayan ɗaya. Wani abu kuma da masu tafiyar yashi suke kuka da shi: a ƙirar 79 mai injin V8 da ta fito a 2007, an faɗaɗa aksul ɗin gaba aka bar na baya yadda yake, bambancin faɗinsu ya kai kusan santimita 10, saboda haka ƙafafun baya ba sa taka ainihin sawun na gaba, sai su riƙa yanka sabon yashi suna jan motar gefe. Idan wadda za ka saya mai silinda shida ce ta da, wadda aka ƙera kafin 2007, wannan bai shafe ka ba.

Ra'ayina shi ne, idan motar nan za ta riƙa cin hanyar Bilma da kaya masu nauyi, ka daure ka sayi 79. Idan kuma aikinta zai fi yawa tsakanin Agadas da garuruwan kusa, da kaya daidai misali, Hilux ta biyu ta fi maka riba, ko ba komai kayan gyara iri ɗaya za ka riƙa ajiyewa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina son mota ta iyali wadda za ta riƙa kai ni gona da ƙauyenmu da damina. Dillali ya nuna mini Pajero da Prado, ya ce Pajero ta fi zamani domin ƙafafunta na baya kowace cin gashin kanta take yi. Shin wannan fifiko ne?
Daga wani mai karatu a Bauchi

Amsa: Alhaji, dillalin ya faɗi gaskiya amma bai ƙarasa ba. Tun daga ƙirar da ta fito a 1999, Mitsubishi ta cire wa Pajero aksul ɗin gungume, ta manne tulun giya a jikin motar, ta ba kowace ƙafa hannayenta da sifirinta da ɗan gajeren shaf mai gaɓoɓi biyu. Nissan ma ta yi haka da Patrol a 2010, Land Rover kuma da sabuwar Defender bayan ta daina ƙera tsohuwar a 2016. Toyota ce ta ƙi sakin gungume a baya, daga Prado har babbar Land Cruiser 300 ta 2021.

Ribar tsarin cin gashin kai a fili take. Gungume abu ne mai nauyi ƙwarai, kuma duk ramin da ƙafa ɗaya ta faɗa sai ɗayar ta ji a jikinta. A hanyar burji mai gargada, idan aka ɗan taka mota, bayanta yakan riƙa tsalle yana zamewa. Idan kowace ƙafa tana motsi ita kaɗai, nauyin da yake hawa da sauka kaɗan ne, taya tana manne da ƙasa, na cikin mota kuma ba sa jigata. A kwalta da burji, wanda a nan ne motar iyali take cinye yawancin rayuwarta, Pajero za ta fi maka daɗin zama da daɗin sitiyari.

Labari yana canzawa a inda ruwa ya zaizaye hanya ya bar kwazazzabai. Gungume yana aiki kamar ma'aunin sikeli: idan tudu ya tura ƙafar dama sama, ta hagu tana dannuwa ƙasa ta nemi inda za ta taka, shi ya sa ƙafafun suka fi daɗewa a ƙasa. Mai cin gashin kai tafiyar ƙafarsa gajera ce, yana saurin ɗaga taya ɗaya sama, sai dai na'urar birki ta kwamfuta ko makullin tulu, mai haɗe ƙafafun biyu su juya tare, su cece shi. Haka kuma tazarar tulun gungume daga ƙasa ba ta canzawa, ko motar wayam take ko cike, tunda a kan tayoyi yake zaune. Amma tulun da ke manne da jikin mota yana sauka tare da ita duk lokacin da aka yi lodi. Sai kuma abin da ya fi damuna a ƙasarmu, wato robobin da suke rufe gaɓoɓin shaf. Guda huɗu ne a baya, ƙaya ko kara na iya yaga ɗaya ba ka sani ba, giris ya fita, laka ta shiga, kafin wata biyu gaɓar ta fara ƙara.

Ita Prado gungume ce a kan sifirin mai naɗi, wanda hannaye huɗu da sanda ɗaya ta gicciye suke riƙe da shi. Wannan tsari, wanda Range Rover ta yi suna da irinsa tun 1970, ya tsaya a tsakani: ya fi sifirin falle laushi da miƙa ƙafa, bai kai shi jure lodi ba, kuma robobin hannayensa suna ci su bukaci canji. In hanyar ƙauyenku laka ce da kwari, kuma bakaniken da ya fi kusa da gonar bai saba da gaɓoɓi ba, Prado nake ba ka shawara. In burji ce mai kyau wadda ruwa yake ɗan ɓatawa, sayi wadda ta fi lafiya a cikin biyun da aka nuna maka.

Tambaya: Tulun bayan motata ya lalace, na sami aksul na hannu a kasuwar kayan gyara. Me zan duba kafin in biya?
Daga wani mai karatu a Maraɗi

Amsa: Malam, abu na farko shi ne lissafin haƙora, domin dole na baya ya yi daidai da na gaba. Motoci masu suna ɗaya sukan zo da lissafi daban-daban, kamar 4.1 ko 4.3 ko 4.56 ko 4.88, gwargwadon inji da giyabos. Idan ka haɗa 4.3 a baya da 4.56 a gaba, ba za ka ji komai ba sai ranar da ka sa giyar ƙafa huɗu, a lokacin ƙafafun gaba da na baya za su nemi gudu daban, su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye. Idan an buɗe tulun, ƙirga haƙoran babban giya ka raba da na ƙaramin: 41 da 10 shi ne 4.1, 43 da 10 shi ne 4.3, 41 da 9 kuma 4.56. Idan ba a yarda a buɗe ba, a riƙe ƙafa ɗaya, ka yi alama da alli a inda farfela, wato dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga giyabos zuwa tulu, take ɗaurewa, ka juya ɗaya ƙafar sau biyu cif, ka ƙirga juyin alamar. Abin da ka samu shi ne lissafin, muddin ƙafar da aka riƙe ba ta motsa ba.

Wannan gwaji zai gaya maka wani abu kuma. In ka juya ƙafa ɗaya ba a riƙe komai ba, ɗayar ta juya ta baya, yawanci tulun sakakke ne, irin wanda yake tura ƙarfi ga tayar da take santsi ya bar wadda take da riƙo. In suka juya tare gefe ɗaya, akwai faifan da suke rage zamewa a ciki, kuma irin wannan yana bukatar man giya na musamman da aka yi dominsa. In ka ga ƙaramin moto da waya a jikin tulun, makulli ne wanda yake haɗe ƙafafun biyu su juya tare, kuma a laka ya fi maka amfani fiye da ƙarin dawakin inji, sai dai a kwance shi da zarar an hau kwalta.

Bayan haka ka kwance notin zubar da mai ka duba. Man da ya koma fari-fari kamar kunu alama ce ta ruwa ya shiga, galibi ta ɗan bututun numfashi da ke saman aksul lokacin da aka tsoma shi da zafi a cikin rafi, kuma ɓarɓashin ƙarfe masu girma a jikin notin suna nuna haƙora sun fara ci. Ka kuma sa igiya ko miƙaƙƙen ƙarfe a jikin bututun daga wannan baki zuwa wancan, domin aksul ɗin da ya taɓa lanƙwashewa a hatsari zai riƙa cin boris da taya komai sau nawa ka canza su.