Fitilar da ke kashe ido da allon da ke ɗauke hankalin direba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 57, kuma na haura shekara 30 ina tuƙi a birnin Kano. A 'yan shekarun nan tuƙin dare ya zame mini wahala, domin idan na taso daga Na'ibawa bayan sallar isha'i na hau Titin Zariya, fararen fitilun nan masu shuɗi-shuɗi kashe mini ido suke yi, har makon jiya saura ƙiris na daki wani mai adaidaita sahu da ya tsaya a gefen titi. Sannan ɗana ya sayo wata mota wadda hatta na'urar sanyaya ta sai an taɓa allo ake sarrafa ta. Shin idona ne ya raunana, ko kuwa motocin zamani ne ke da illa? Daga wani mai karatu a Na'ibawa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara tsarewa. Ido yana da nasa kason, domin yayin da shekaru suka ja, yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya dawo daidai bayan haske ya doke shi, kuma yanar ido tun tana farawa takan warwatsa haske ta sa kowace fitila ta zama kamar rana. Saboda haka ka je a duba idon. Amma kada ka ɗora masa laifin duka, domin matasa ma suna wannan kuka.

Tsohon ƙwan fitila na halojin haskensa ruwan ɗorawa ne, shi kuwa na LED fari ne mai karkata zuwa shuɗi, yana fitowa daga ɗan ƙaramin wuri da tsananin kaifi, kuma ido ya fi jin zafin irin wannan haske cikin duhu. Ga kuma manyan motocin jif da suka yawaita, waɗanda fitilarsu ke zaune daidai saitin fuskar wanda ke cikin ƙaramar mota. Sai dai a nawa ganin, babbar matsalarmu a Kano ba daga masana'anta take ba. Gidan fitila, wato madubin da ke bayan ƙwai, an ƙera shi ne bisa ainihin wurin da siririyar wayar halojin take, ta yadda zai tattara hasken ya kwantar da shi a kan kwalta. Idan mutum ya je Ƙofar Ruwa ya sayo ƙwan LED ya ba mai gyaran wuta ya soka a wannan gida, tushen hasken ya sauya wuri, sai ya fantsama sama da gefe. Mai motar yana murna ya sami "wuta mai ƙarfi" domin gabansa ya yi fari tas, alhali ba lallai ne hangen nesansa ya ƙaru ba, kuma duk wanda ya tunkaro shi ya makance ko da a dim yake.

Akwai kuma motocin da aka juya musu sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma fitilar da aka yi wa irin hanyarmu takan ɗaga haskenta ta gefen dama domin ta nuna masu tafiya a ƙasa da allunan hanya. Motar da aka ƙera wa Ingila ko Japan ta gefen hagu take ɗagawa, idan an mayar da sitiyari aka bar fitilar yadda take, to wannan ɗagawar cikin idon mai tahowa take shiga.

Gwada saitin fitila ba ya cin ko sisi. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, a yi alama da alli a bangon, sannan a kunna dim. Layin da haske ya yanke ya kamata ya faɗo ƙasa da alamar da kimanin santimita 10, kuma a yawancin motocin Turai za a ga an rubuta adadin, kamar 1.0%, a jikin gidan fitilar. Haka nan ɗan mamurɗin nan mai lamba daga 0 zuwa 3 da ke kusa da sitiyari, wanda mutane da yawa ba su taɓa taɓa shi ba, aikinsa sunkuyar da fitila idan an loda wa but buhunan hatsi gaban mota ya ɗaga. Kai kuma, Malam, ka riƙa wanke gilashin gaba ciki da waje, domin ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa ninka ƙyallin take yi, idan kuma aka haske ka, ka rage gudu ka mayar da kallonka gefen dama na titi.

Batun allo kuwa, damuwarka tana kan hanya. Maɓalli na gaske hannu yana haddace wurinsa, ana lalubo shi ido yana kan titi, amma gilashi sumul yake, tilas sai an kalle shi. A 2022 mujallar motoci ta Vi Bilägare da ke Suwidin ta sa direbobi su yi wasu ƙananan ayyuka, irin su ƙara zafi da sauya tashar rediyo, suna gudun kilomita 110 a awa. A tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai maɓallai an gama cikin daƙiƙa 10, motar da ta zo ta ƙarshe kuwa, mai dogaro da allo, ta ci kusan daƙiƙa 45, wato tafiyar fiye da kilomita guda. A cikin gari ma, mai gudun kilomita 50 yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kallon allo na daƙiƙa biyu ya zama mita 28 ke nan, kuma kowa ya san abin da mita 28 ke iya ƙunsa a Kabuga da yamma. Wannan ne ya sa hukumar Euro NCAP mai auna amincin motoci a Turai ta ce daga 2026 za ta rage wa mota maki idan ba ta da maɓalli ko sanda na zahiri na sigina, da fitilun gargaɗi, da hon, da abin share gilashi, da kiran gaggawa. Ka ce wa ɗanka ya saita sanyi da rediyo da taswira kafin ya tayar da mota.

Ka kuma ja hankalinsa kan fitilar rana, wato wadda ke kamawa da kanta da zarar an tayar da mota, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin ƙirar motoci tun 2011. A motoci da yawa gaba kaɗai take haskawa, ga allon da ke nuna gudu a bayan sitiyari a kunne kullum, sai direba ya ɗauka fitilunsa suna aiki, ya shiga duhun magariba ko hazo bayansa babu ko ɗigon jan haske. Yau da daddare ya tayar da motar kamar yadda ya saba, ya sauko ya zagaya bayanta ya duba, idan jajayen fitilun ba su kama ba sai ya murɗa makunnin zuwa dim ko zuwa inda aka rubuta AUTO.