Amsa kan ficewar Nijar daga ECOWAS

Malam, ka tambaya ko ficewar Nijar daga ECOWAS ta shafe mu a Sakkwato. Ƙwarai kuwa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Masu murna suna cewa ƙungiyar 'yar amshin shatan Faransa ce, kuma takunkumin da ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 2023 ya ba su hujja: aka rufe iyakar Illela, aka yanke wa Nijar wuta, motoci suka yi layi, albasa tana ruɓewa cikin buhu.

Ni dai ban ga riba ba. Ƙonni ta Nijar da Illela ta Sakkwato gida ɗaya ne, akwai auratayya. In aka ƙara haraji da takardu, talaka mai kai shanu kasuwa ne zai ji a jikinsa.