Inda za ka samu bayanan ruwan sama na kwarin Haɗeja

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ka samu bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa a kwarin kogin Haɗeja ba tare da zaryar ofisoshi ba. Ka nemi CHIRPS, wani rumbun bayanan ruwan sama da ke intanet. Kyauta ne, Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ke fitar da shi, yana haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da awon tashoshin ƙasa tun daga 1981. Kada ka ƙona datarka wajen sauke manyan fayiloli. Shiga Google Earth Engine, dandalin Google na nazarin bayanan tauraron ɗan'adam, ka zana iyakar kwarin, ya tara maka ruwan kowane wata, ka sauke ɗan jadawali kawai.

Sai dai da sharaɗi. Asalin lissafin CHIRPS na kwana biyar-biyar ne, daga baya ake rarraba shi kwana-kwana. Na taɓa gwada shi da littafin ma'aunin wata gonar gwaji: jimillar wata ta yi kusa sosai, amma mamakon dare guda na Agusta, irin wanda ke cika fadama kafin asuba, sai ya fito a warwatse cikin kwanaki. Idan ambaliya kake nazari, ka samo alƙaluman NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na Kano ko Nguru ka gwama tukuna.